Flickr: shafin hotunan da ya fito daga cikin gem

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau labarin Flickr zan ba ku, na san da yawanmu Instagram muka taso muka gani, amma tun kafin a san wani abu wai shi Instagram akwai wannan shafi, kuma hotuna da yawa da kuke gani a Wikipedia daga can aka ɗauko su.

To mu koma Vancouver ta ƙasar Kanada. Akwai wani ɗan ƙaramin kamfani Ludicorp, su Stewart Butterfield da Caterina Fake, lokacin mata da miji ne. Su fa gem suke haɗawa na intanet mai suna Game Neverending, sai kuɗi suka fara ƙarewa, sai suka ga ai abin tura hoto da ya fito daga aikin gem ɗin ya fi samun shiga wajen mutane, kawai suka jingine gem ɗin suka buɗe Flickr a watan Fabrairun 2004, watan da Facebook ma ya fara. Ko sunan ma, wani ya riga su mallakar adireshin mai harafin e a ciki, wato flicker, shi ya sa suka cire harafin.

Abin da ya sa nake son shafin nan shi ne mutanen cikinsa. Ka ɗora hoto, a ƙasa za a ga wace kyamara ka yi amfani da ita, wane lens, yadda ka saita haske, duk a fili. Ɗan koyo zai zauna ya ƙura wa hoton wani gwani ido ya karanta saitin, gobe ya fita ya gwada da tasa kyamarar. Za ka iya zana ɗan akwati a kan wani lungu na hoto ka bar rubutu daidai wurin, misali ka ce wannan inuwar ita ta ƙawata hoton. Ga guruf-guruf kuma, na masu ɗaukar tsuntsaye daban, na jiragen ƙasa daban, na tsofaffin ƙofofi, na baƙi da fari, kowanne da dokokinsa da masu kula da shi, wasu har haɗuwa suke a gari su zagaya tare suna ɗauka. Sannan ga tag, wato lakabin da kake manna wa hoto don mai nema ya same shi, Flickr na cikin na farko-farkon da suka yaɗa wannan.

A watan Maris 2005 Yahoo ta saye su, rahotanni suka ce tsakanin dala miliyan 22 zuwa 25. A 2007 aka tilasta wa tsofaffin mambobi shiga da akawun ɗin Yahoo, mutane suka ji haushi sosai, a 2008 kuma su biyun da suka kafa shi suka bar wurin. Shi Butterfield ya sake komawa haɗa gem, ya sake faɗuwa, daga nan ne Slack, manhajar hira ta ma'aikata, ya fito.

Amma a 2008 ɗin nan aka yi abin da ya fi burge ni. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya zuba tsofaffin hotuna wajen 3,000 a wani sashe mai suna The Commons, wasu tun shekarun 1910, da yawa bayaninsu bai cika ba. Aka ce jama'a ku taimaka. Wallahi mutane suka zauna kyauta, wannan ya gane titin garinsu, wancan ya gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, laburaren kuma ya riƙa shigar da gyaran cikin kundinsa. Ga kuma lasisin Creative Commons, inda mai hoto ke cewa ku yi amfani da shi amma ku ambaci sunana, ta nan Wikipedia ke samun nata. Shahararren hoton nan na Obama da muƙarrabansa suna bin farmakin da aka kai wa Usama bin Laden a 2011, Fadar White House a shafinta na Flickr ta saka shi.

Inda aka yi sake shi ne waya. Instagram ya fito a Oktoban 2010, kafin Flickr ya gyara manhajarsa ta waya jama'a sun tafi, har Facebook ta sayi Instagram dala biliyan 1 a 2012. Yahoo ta ba kowa wurin ajiyar hoto na terabait 1 kyauta a Flickr a 2013, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A Afrilun 2018 SmugMug, wani kamfanin iyali mai shafin ajiye hotuna, ya karɓi Flickr. Suka rage akawun na kyauta zuwa hoto 1,000, abin ya yi wa mutane ciwo, sai dai sun ce ba za su goge na The Commons da na Creative Commons da aka riga aka ɗora ba. A Disamban 2019 shugabansu Don MacAskill ya fito ƙarara ya ce shafin asara yake yi, a taimaka a biya kuɗin Pro, wato akawun na biya. A 2022 kuma aka kafa gidauniyar Flickr Foundation, burinta hotunan nan su kai shekara 100 ana ganinsu, kuma George Oates, matar da ta ƙirƙiro The Commons tun farko, ita ta jagoranci kafa ta.