Doka ta Takwas da Wayar Hannu: Lacca kan Bangaskiyar Katolika a Bainar Jama'a

Ɗaukaka ga Yesu, daraja ga Maryamu. Fada, malamanmu na katikizim, iyayenmu mata na Zumunta, da matasan da ke can baya, ina gaishe ku. Abubuwa huɗu nake so in taɓo game da yadda ɗan Katolika zai riƙe bangaskiyarsa yanzu da dandali ya koma cikin waya, kuma ba zan ce ku kashe wayoyinku ba, tunda a kansu za mu yi magana.

Na farko tarihi ne, kuma da sauri zan wuce shi. Ikilisiya ba baƙuwa ba ce a harkar sadarwa, domin tun a 1931 Paparoma Pius na 11 ya buɗe Rediyon Vatican, a 1963 kuma Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da takardar Inter Mirifica kan hanyoyin sadarwa, wadda daga gare ta aka samu Ranar Sadarwa ta Duniya da muke kiyayewa tun 1967. A Disambar 2012 Paparoma Benedict na 16 ya fara rubutu a Twitter yana da shekara 85, saboda haka dattawan da ke cewa sun tsufa da WhatsApp su nemi wani uzurin. (Dariya.)

Na biyu shi ne abin da ya kawo ni. Doka ta takwas cikin Dokoki Goma ta ce kada ka yi shaidar zur a kan maƙwabcinka, amma da yawanmu muna ɗauka cewa maganar kotu ake yi, alhali duk wanda ya tura saƙo gaba ya riga ya tsaya shaida a kansa, ko da ba shi ya rubuta ba. Katikizim, littafin koyarwar Ikilisiya, a sakin layi na 2477, ya kasa laifin gida uku: mummunan zato, wato ka yarda da laifin mutum ba tare da isasshiyar hujja ba, ƙazafi, wato ka ɓata sunansa da ƙarya, sai tonon asiri, wato ka bayyana laifinsa ga waɗanda ba su sani ba, ba tare da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ku lura da na ƙarshen nan, ku lura da shi sosai, domin abin da ka tura yana iya zama gaskiya tsantsa, amma duk da haka ka yi zunubi. Mama, na ga kina girgiza kai, amma haka yake a rubuce. Sakin layi na 2487 ya ƙara da cewa ko an gafarta maka, wajibi ne ka gyara ɓarnar da ka yi. Ana ba da labarin Filibus Neri mai tsarki, cewa ya umarci wata mai tsegumi ta bi titi tana fige kaza, sannan ya ce ta koma ta tsince gashin. Ita iska kaɗai ta kwashe nata, mu kuwa namu yana isa Legas da Landan kafin mu ajiye wayar.

Kada ku ɗauka wannan wasa ne. A Yunin 2018 an yi kisa na gaske a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, amma cikin hotunan da aka yaɗa a Facebook a lokacin, binciken BBC ya gano cewa akwai wanda ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba, kuma cikin wannan fushi aka tare matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba, aka kashe su. A cikin waɗannan kwanakin ne Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan Kirista a masallacinsa da gidansa, sai dai a ganina labarinsa bai yi gudun da hotunan suka yi ba. A 2018 ɗin ce dai Paparoma Francis ya keɓe saƙonsa na Ranar Sadarwa ga labaran ƙarya, inda ya nuna cewa macijin gonar Adnin ne ya fara wannan sana'a.

Na uku, ko na huɗu ne? Lokaci ya ƙure, bari in haɗa su. Kallon Mas a waya, kamar yadda muka yi a 2020 lokacin korona, taimako ne ga majinyaci da wanda ba ya iya fita, amma ba ya maye gurbin zuwa coci ga mai lafiya. Batun siyasa kuwa, doka ta 287 cikin dokokin Ikilisiya ta hana firistoci shiga harkar jam'iyyu, kuma ban ga inda ta ware shafinsu na Facebook ba. Fada, ba da kai nake ba.

Ga 'yar'uwa can ta ɗaga hannu. Ga waɗanda ba su ji ba, tana tambaya ne ko wannan yana nufin mu yi shiru alhali ana sace firistocinmu, ana kashe mutanenmu.

A'a, 'yata, sam ba haka ba ne, domin kare rai da neman adalci su ne ainihin ƙwaƙƙwaran dalilin da Katikizim yake nufi. Bayan kashe Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da firistoci ta Kaduna, a farkon 2020, bishop-bishop ɗinmu sun yi tattaki a Abuja sanye da baƙaƙen kaya, kuma saƙon Kirsimeti na Bishop Matthew Kukah na Sakkwato a ƙarshen shekarar ya girgiza ƙasar nan. Bambancin shi ne sun yi magana da sunansu, fuskarsu a buɗe, a kan abin da za su iya tsayawa a kai. Saboda haka idan hoto ya zo miki, ki tambayi wanda ya turo a wane gari aka ɗauke shi, kuma yaushe. In ya kasa faɗa, ki nemi firist ko katikis na wurin ta ofishin dayosis kafin ki tura wa kowa.