Miƙa da Tausar Tsoka: Shin Suna Kare Ɗan Wasa Daga Rauni?

Wani likitan gashin ƙashi ne ya gabatar da wannan lacca a Garwa ta ƙasar Kamaru, gaban masu horar da yara ƙwallon ƙafa da wasu 'yan kokawa. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, masu horarwa, samari, barkanmu da yamma. Na can baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana kan abubuwa biyu. Na farko miƙa, wadda kowane fili a garin nan ake yi kafin a taɓa ƙwallo: yara su yi da'ira, kowa ya kama ƙafa ta baya ya manna dunduniya a ɗuwawu, koci yana ƙirga. Na biyu sabon yayin nan na murza cinya a kan gungumen soso, wanda yara ke gani manyan 'yan wasa suna yi a waya. Har wani ya tambaye ni ko ya tara sefa ya yi odarsa daga Duwala. Tambayar dai ɗaya ce: suna hana rauni? In an ji ciwo kuma, suna saurin warkarwa?

Mu fara da miƙa, don an daɗe ana gwada ta. A shekarar 2000 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da sababbin sojojin Ostareliya su 1,538. Aka raba su biyu. Duka suna ɗumama jiki kafin atisaye, amma rabi ana ƙara musu miƙa ta daƙiƙa 20 a kan tsokoki shida na ƙafa. Aka bi su mako 12. Da aka ƙirga raunuka, bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi nuna wanda zai ji rauni shi ne ƙarfin jikin da mutum ya shigo da shi da kuma shekarunsa. Wanda ya zo da jiki a mace shi ke faɗuwa, ya yi miƙa ko bai yi ba.

A 2014 wasu masana a Denmark suka tattaro gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum fiye da 26,000. Miƙa kaɗai ba ta rage rauni ba. Atisayen ƙarfafa tsoka kuwa ya mayar da raunuka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ku riƙe wannan, shi ne zuciyar maganata yau.

Na ga Malam yana girgiza kai. Haƙuri, Malam, ban ce miƙa banza ce ba. Tana ƙara laushin gaɓa, wannan tabbas ne. Ɗan kokawa da ake murɗe wa ƙafa yana bukatarta, mai tsaron gida ma haka, kuma akwai 'yan alamun cewa tana ɗan rage yagewar tsoka a wasannin gudu da sauri. Amma a kula da tsawonta. In ka riƙe miƙa ɗaya ta wuce minti guda dab da shiga fili, ƙarfin tsokar yana ɗan sauka na ɗan lokaci. Daƙiƙa 20 zuwa 30 ba ta da wannan illar. Doguwar miƙa a bar ta sai bayan wasa, ko ranar hutu.

Sai tsamin jiki, wanda ke kama mutum washegari ko jibi, har saukowa daga kan babur ya zama aiki. Ana yawan ce wa yara wani sinadari ne ya taru a tsoka, a miƙe shi ya fita. Wancan sinadarin jiki yana kwashe shi cikin kamar awa guda bayan an tsaya. Tsamin yana zuwa ne daga ƙananan yage-yage a zaren tsoka, musamman in ta yi aiki tana tsawo, kamar gangarowa daga tudu ko taka birki cikin gudu. Yana tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya tafi da kansa. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2011 ta nuna miƙa, kafin wasa ko bayansa, ba ta rage shi yadda mutum zai ji a jikinsa.

To, mu zo ga gungumen soso, wato tausar tantani. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci yana fere naman kilishi ya ga farin tantanin nan da ke lulluɓe da tsoka, wanda wuƙa ke sha wuya kafin ta raba shi. Irinsa ne a jikinmu, ya naɗe kowace tsoka, ya haɗa ta da maƙwabciyarta. Masu tallar gungumen soso suna cewa tantanin yana ƙullewa ya manne, in ka murza sai ya sake. Magana mai daɗin ji. Sai dai a 2008 aka yi lissafin ƙarfin da ake bukata kafin a lanƙwasa kaurin tantanin gefen cinya da kashi ɗaya kacal cikin ɗari, aka samu nauyin ɗaruruwan kilo ne. Yatsana bai kai nan ba, soso ma bai kai ba.

Amma mutum yana tashi daga kansa ya ce wallahi ya ji sauƙi, kuma ba ƙarya yake ba. Abin da ke faruwa a jijiyoyin ji ne. Dannawar tana sa su rage kai ƙarar zafi ga ƙwaƙwalwa, sai tsoka ta saki, gaɓa ta ƙara buɗewa na wasu mintoci, ba tare da ƙarfi ya ragu ba. Bayan wasa kuma tana ɗan rage jin tsami. Kaɗan ne, amma akwai. Batun hana rauni kuwa, babu wani babban gwaji da ya nuna haka. Saboda haka na ce wa yaron nan mai son odar soso ya riƙe kuɗinsa ya sayi takalmi mai kyau. Gorar ruwa mai tauri, a cika ta a ɗaure baki, tana yin aikin; ƙwallon tanis a ƙarƙashin tafin ƙafa ma haka. Minti ɗaya zuwa biyu a kowace tsoka, a kan nama, ban da kan ƙashi, ban da bayan gwiwa.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Koci a nan yana samun yara bayan la'asar, magariba kuma ba ta jira. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ba ma a iya fitowa da wuri. In minti 15 ne gare ka kafin a raba riga, ka ƙarar da su a tsaye kan ƙafa ɗaya ana miƙa, ka yi asara. Kuma ba a kan ciyawar filin wasa na Rumde Ajiya yaranmu ke wasa ba, a kan ƙasa ce busasshiya mai tsakuwa, inda idon sawu ke shan wahala.

Akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA da ake kira 11+, minti 20 ne: gudu a hankali, ƙarfafa ciki da cinya, tsayuwa kan ƙafa ɗaya ana jefa wa juna ƙwallo, tsalle da koyon dira, sannan gudu da juyi. A Norway aka gwada shi da 'yan mata kusan 1,900, sakamakon ya fito a 2008, raunuka suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kada wani ya ce ai Turai ce. An maimaita shi a Legas da samarin ƙananan ƙungiyoyi, aka buga a 2014, ragin ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba ya bukatar ko sisi.

A cikinsa akwai guda ɗaya da nake so ku gani da ido. Ƙanena, zo. Ku shimfiɗa masa tabarma. Durƙusa kan gwiwa, jiki a miƙe daga gwiwa har kai. Kai kuma danne masa idon sawu da hannu biyu, da ƙarfi. Yauwa. Yanzu sunkuyo gaba a hankali, kada ka karya ƙugu, ka riƙe, ka riƙe... in ta ƙwace maka ka tare da tafin hannu. Kun ga yadda bayan cinyarsa ke rawa? Tsokar nan ce ke yagewa in ɗan gaba ya finciki gudu, kuma yanzu tana koyon riƙe nauyi tana tsawo. A Denmark, a gwajin 2011 da 'yan ƙwallo 942, wannan atisayen ya rage yagewar bayan cinya da fiye da rabi, ya ma fi amfanar waɗanda suka taɓa yagewa. A fara da sunkuyawa biyar-biyar sau biyu, rana ɗaya a makon farko, a riƙa ƙarawa har mako 10. Kada a fara shi ana gobe wasa, don zai sa tsami mai sunan tsami.

Daga nan wani dattijo cikin masu horarwa ya tambaya game da man zafi da tausar da ake yi wa yaro nan take in ya buge.

Baba, na gode da ka ɗauko wannan, don nan ne ake ɓarna. In an daki yaro a cinya da gwiwa, ko ya ji tsoka ta yi tas, jini ne ke zuba a ciki. In aka shafa man zafi aka hau murzawa, ko aka ce miƙe ta ta saki, ƙara zubar ake yi. Wani lokaci jinin da ya taru a cinya yakan daskare ya zama kamar ƙashi a cikin nama, yaro ya yi watanni gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Kwana biyu zuwa uku na farko a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara cikin tsumma in zafi ya dame shi. Bayan nan a fara motsawa kaɗan kaɗan, a bi da ƙarfafawa, kafin a koma gudu. In ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu bayan targaɗe, a je a ɗauki hoto tukuna, kafin mai ɗori ya ja. Haka nan sha-raɓa da ta kumbura ita kaɗai, tana zafi, ba tare da an buge ba, musamman bayan doguwar tafiyar mota irin ta Garwa zuwa Ngaundare ko bayan doguwar jinya: wannan kada kowa ya tausa ta. Gudan jini ne zai iya kasancewa, in ya ɓalle huhu yake nufa. Asibiti a ranar.