Kafin ka fitar da sabon kaya kasuwa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, 'yan'uwa masu sana'a, barkanmu da warhaka. An ce in yi magana kan yadda ake tsara fitar da sabon kaya, to bari in fara da kunyar da na sha, don kada ku ɗauka a littafi na karanto.

Shekarun baya na haɗa garin kunun gyaɗa, na zuba a manyan gwangwanaye, na liƙa musu takarda mai launi. A gida kowa ya sha ya ce sai wanda ya ɗanɗana. Na kai wa wani dillali a kasuwar Singa ta Kano katan ashirin. Bayan mako uku da na koma, sai ga su a ƙarƙashin benci, ƙura ta lulluɓe su. Ya ɗauko ɗaya, ya share da hannun riga, ya ce: "Alhaji, kayanka ba laifi, amma wadda za ta saya ba ta da kuɗin gwangwani. Na karin safiyar yau take nema."

Abin da ya faɗa mini a tsaye, wani kamfani ya riga ya gina arziki a kansa. A 1993 Promasidor ya shigo Najeriya da madarar Cowbell, lokacin da madarar gari ta gwangwani ce, sai mai hali. Suka ƙulla ta a 'yan ƙananan leda, daidai kofi ɗaya, daidai canjin da ke aljihun lebura. Kuma maimakon kitsen madara suka sa man da ake samu daga tsirrai, kuɗin haɗawa ya sauka, kayan kuma ya jure zaman shago. Ku lura, madara dai tana nan tun da can. Babban abin da suka sabunta shi ne awo. Yau ku duba teburin kowane mai shayi.

Saboda haka ni a wurina daga farashi ake fara lissafi, a dawo baya. A ce ƙullinka naira 100 zai kai hannun mai saye. Cire rabon mai shago, cire na dillali, cire kuɗin leda da bugu da mota da man janareta. Abin da ya rage, da shi za ka sayi gyaɗa da shinkafa da sukari, a cikinsa kuma ribarka take. In bai fita a takarda ba, to a kasuwa ma ba zai fita ba. Kuma kada ka yi lissafin da farashin kaka. Buhun gyaɗar da ka saya a kasuwar hatsi ta Dawanau ana cikin girbi, ba haka za ka same shi da bazara ba, alhali mai saye ba ruwansa, ɗarin da ya sani ita zai miƙo.

Sai gwaji, inda aka fi yaudarar kai. Bahaushe mutum ne mai kara. Ka ba ƙanwar matarka abu kyauta ka ce yaya, me kake so ta ce? Manya ma sun faɗa wannan ramin. A watan Afrilun 1985 Coca-Cola ta sauya ɗanɗanon lemonta a Amurka, bayan ta ba mutane kusan 200,000 sun ɗanɗana, mafi yawa suka zaɓi sabon. Sai dai kurɓi ɗaya a ɗakin gwaji daban, a ce an ɗauke maka lemon da ka taso da shi daban. Mutane suka yi ca a kansu, cikin kwana 79 aka dawo da tsohon. Kai da ba ka da kuɗinsu, gwajinka ya fi sauƙi: ajiye kaɗan a shago biyar, a unguwanni daban-daban, a kan farashinsa na gaskiya. Wanda ya saya sau ɗaya ƙila sha'awa ce. Wanda ya dawo, shi za ka ƙirga.

Wata Hajiya tana tambaya ko sai an yi rajista da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. E, in abin ci ne ko na sha a ƙunshe, sai da lambarsu, kuma za su zo duba wurin da kike haɗawa, don haka a sa lokacin jiran a cikin tsari tun farko. Kafin nan ma ki gwada da kanki: ajiye ƙulli goma a kan kanta, su sha zafin Afrilu, su ga danshin Agusta, kina buɗe ɗaya lokaci-lokaci kina sunsunawa. Gyaɗa tana da mai, warinta kan juya.

Abu ɗaya da ban yi ba a karon farko: ban yanke adadin kuɗin da zan iya asara ba, ban kuma sa ranar tsayawa ba. Na yi ta zuba ribar tsohuwar sana'ata a cikin gwangwanayen nan har ita ma ta fara tangaɗi. Da na koma ƙaramin ƙulli, shago biyar ɗin nan na ba, huɗu suka yi ta jan ƙafa, ɗaya da ke bakin wani asibiti kuwa kullum sai ya aiko a ƙaro. Ashe masu jinya ne ke saye, ruwan zafi kawai suke nema a wurin mai shayi. Ban taɓa tunaninsu ba lokacin da nake zanen takarda.

Na ga shugaba yana duban agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.