Mai juna biyu da dankalin turawa: wanda za a ci da wanda za a zubar

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na Damagaram, da ku magidanta masu fita cefane. Akwai tambayar da ake yawan yi a wurin awo: shin mai ciki za ta iya cin dankalin turawa? Ƙwarai kuwa. Yana da bitamin C da B6 da potasiyam, kuma dafaffensa na zama a ciki ko a watannin laulayi, lokacin da ƙanshin miya kaɗai ke tayar wa mace da zuciya. Inda ake so a buɗe ido shi ne wurin saye da wurin girki.

Dankalin turawa ɗan wuri mai sanyi ne, shi ya sa yake yin kyau a lambunan tsaunukan Ayar, wajen Tabelot, da kuma Jos a Najeriya. Kafin ya iso Kasuwar Dole ta nan Damagaram ya sha hanya, sannan a baza shi a rana. Uwargida, ɗauki guda ki juya shi a hannunki. Kin ga inda fatarsa ta yi kore? Kin ga tsiro fari-fari na leƙowa daga idanunsa? Wannan alama ce ta cewa ya tara wani dafi da ake kira solanin, wanda shukar ke yi don kare kanta daga ƙwari. Haske da rauni da daɗewa a ajiye ne ke ƙara shi, kuma ya fi taruwa a ɓawo da tsiro.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, suna cewa ai wuta na kashe komai. Wannan dafin, tafasa ba ta kashe shi, suya ma ba ta raba ki da shi. Idan ya yi yawa yana kawo tashin zuciya, amai, zawo da murɗawar ciki, ga mai juna biyu kuwa ba ta da ruwan jikin da za ta yi asara. In koren ɗan tabo ne kuma dankalin na da tauri, ki fere shi da kauri, ki ƙwaƙule idanun da bakin wuƙa. In koren ya shiga ciki, ko ya yamushe ya yi tsiro dogaye, ki zubar. Na san ciwon zubar da abin da aka saya da kuɗi, amma kuɗin magani ya fi shi. Wanda kuma kika ji yana ɗaci ko yana ƙaiƙayin maƙogwaro, ki tofar nan take.

A gida a ajiye shi cikin kwando ko buhun algarara, a lungu mai duhu da iska ke ratsawa. Leda na sa shi gumi ya ruɓe.

Sai ƙasar da ke jikinsa. Akwai ƙwayar cuta mai suna tokzoplasma da ke shiga ƙasa ta kashin kyanwa. Uwa na iya kamuwa ba ta ji komai ba, cutar ta ratsa ta taɓa idanu ko ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Don haka a wanke dankali tas kafin a fere, a wanke wuƙa da faranti, ke kuma ki sa sabulu ki wanke hannu. A dafa shi har cokali ya shige ba gardama.

Dafaffe da fate sun fi firit. In kwaɗayin soyayye ya taso, a soya da sabon mai, a kwashe da ya yi ruwan zinariya, tun bai yi duhu ba, a kuma rage gishiri da magi. Salatin biki mai mayonez da ya wuni a rana cikin zafin Afrilu da Mayu, a bar wa wasu. Dafaffen dankali bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, a tsananin zafi ma awa 1. Abin da ya kwana a firji, a ɗumama shi har ya yi tururi.

Dankali sitaci ne, yana ɗaga sukarin jini da sauri. Ana gwada ciwon sukari na ciki tsakanin mako na 24 da na 28. Wadda aka samu da shi, ta ci kaɗan, ta haɗa da wake, ƙwai, kifi ko zogale, ta bi ma'aunin da aka ba ta a asibiti. Kuma dankali ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, a ci gaba da shan su kullum.

Maigida, in matarka ta ci ta fara amai ko zawo da bai tsaya ba, ko zazzaɓi ya biyo, ko ta ce motsin ɗan ya ragu, ka kai ta asibiti mafi kusa a ranar, kada ka jira gari ya waye.