William Wells: injiniyan da ya ƙirga ƙwayoyin cutar da ke cikin iska

Idan mutum ya yi atishawa, ina abin da ya fito daga bakinsa yake zuwa? A farkon ƙarni na 20, manyan likitocin Amurka sun ɗauka sun gama da wannan tambaya. Tsattsafin yawu ne, in ji su, yana faɗuwa ƙasa nan kusa, magana ta ƙare. Duk wanda ya ce cuta na yawo a iska, sai a ga kamar yana so ya dawo da tsohon camfin nan na cewa wari ke kawo ciwo.

Mutumin da ya ƙi yarda da haka ba likita ba ne. William Firth Wells injiniyan tsabtar ruwa ne, ya yi karatu a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka, kuma ya daɗe yana aikin kiwon kawa kafin ya juya ga iska. Abin da ya saba da shi shi ne ɗiban ruwa a gwada a ƙirga abin da ke ciki. To me zai hana a yi wa iska haka?

A Jami'ar Harvard, a farkon shekarun 1930, ya ƙera na'urar da za ta yi wannan aiki. Ku dubi yadda take. Bututun gilashi ne da aka shafe cikinsa da abincin da ƙwayoyin cuta ke tsirowa a kai. Inji yana juya shi da gudu, iskar ɗaki tana shiga, ƙarfin juyin yana wurga duk abin da ke cikinta ya manne a bango. Sai a ajiye bututun a wuri mai ɗumi. Bayan kwana ɗaya ko biyu, kowace ƙwaya mai rai ta hayayyafa ta zama tabon da ido ke gani, sai a ƙirga. An san yawan iskar da ta shiga, an san yawan tabon, ke nan iska ta samu lamba.

A 1934 ya fitar da bayanin da har yau ake koyarwa, kuma matarsa Mildred, wadda likita ce, tana da hannu sosai a wannan bincike. Ɗigon da ya haura maikiron 100, wato ya ɗara kaurin gashin kai kaɗan, nauyinsa na kai shi ƙasa cikin 'yan daƙiƙu. Wanda bai kai haka ba kuwa, ruwansa yana bushewa tun yana sama. Abin da ya rage ɗan busasshen ƙunshi ne mara nauyi, da ƙwayar cuta a ciki, yana iya shafe sa'o'i iska na yawo da shi.

Daga 1937 ya saka fitilun UV, wato wani haske da ido ba ya gani mai kashe ƙwayoyin cuta, a can sama cikin azuzuwan wasu makarantu a yankin Filadelfiya, kuma da ƙyanda ta ɓarke, yaran waɗannan azuzuwa sun fi tsira. Da wasu suka gwada a wasu wurare ba su ga haka ba, domin yaran da aka kare a aji suna cunkusuwa a motar makaranta. Aka ɗora laifin a kan ra'ayin Wells, kuma a ganina ba a yi masa adalci ba.

Tarin fuka ne ya fi ba shi wuya. Ƙwayarsa ba ta da yawa a iska, ga ta da jinkirin tsiro, sai ta yi makonni, kafin nan wasu ƙwayoyin sun mamaye bututun. Na'ura ta gaza. Wells ya ce to a nemo abin da ke shaƙar iska dare da rana ba ya gajiya, wato huhu mai rai.

A wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Baltimore, shi da almajirinsa Richard Riley suka ware ɗakunan jinya 6 masu gado ɗaya-ɗaya na masu tarin fuka. Aka ja iskar ɗakunan ta bututu zuwa saman gini, inda aka ajiye ɓerayen Masar kimanin 150. Babu majinyacin da ya taɓa su, babu tsattsafin yawun da zai hau wannan nisa. Iska kaɗai ta haɗa su. Wata mai bincike, Cretyl Mills, ita ke kula da dabbobin kullum, tana gwada su wata bayan wata, tana rubuta komai. Aikin haƙuri ne ƙwarai, kuma sunanta ya cancanci a riƙa ambatonsa tare da nasu.

Cikin shekara 2, kusan ɓeraye 3 ke kamuwa a kowane wata. Masu shakka suka ce wataƙila ta wata hanya cutar ta bi. Sai aka sake gwajin da keji biyu: ɗaya yana samun iskar yadda take, ɗayan sai ta ratsa hasken UV tukuna. A na farko 63 suka kamu. A na biyu ko ɗaya.

Wells ya rasu a 1963, bayan ciwon daji ya kwantar da shi ana tsakiyar aikin. A 1978 Riley da abokan aikinsa suka fitar da lissafin da ke haɗa yawan masu cuta a ɗaki, da tsawon zama, da yawan iskar da ke shigowa daga waje, ya ba da yiwuwar kamuwa. Ana kiransa lissafin Wells da Riley. Da korona ta zo a 2020, masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa cutar na bin iska, kuma da wannan lissafi injiniyoyi suka riƙa auna haɗarin azuzuwa, motocin haya da ɗakunan asibiti.