Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista A Ziyararsa Zuwa Unguwannin Bakin Rafi Na Jos

Assalamu alaikum wa rahamatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Iyayen ƙasa, masu unguwanni, malamanmu na Musulunci da na Kirista, iyayenmu mata, da matasan da suka yi sammako suka share wannan fili: a madadin mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ina yi maka barka da zuwa, da kai da dukan 'yan rakiyarka. Sannunku da hanya. Mun ji daɗi ƙwarai da ka zaɓi ka tako da ƙafarka har inda abin ya faru, domin hausawa sun ce gani ya kori ji.

Yallaɓai, baƙo yakan yi mamaki idan aka ce masa ambaliya ta yi ɓarna a Jos, garin da yake kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, domin a tunanin mutane ambaliya ta mazauna fadama ce da bakin manyan koguna irin Binuwai da Neja. Amma ruwan dutse halinsa daban ne. Na fadama yana tasowa a hankali, har mutum ya samu damar kwashe hatsinsa da dabbobinsa, shi kuwa namu idan ya sauka a kan duwatsun Shere ba ya samun ƙasar da za ta shanye shi, sai ya taru a kwazazzabai ya gangaro gaba ɗaya, yana tafe da duwatsu da itatuwa da duk abin da ya tarar a gabansa.

Haka ya zo mana ranar Lahadi, 22 ga watan Yuli na 2012, da daddare, a kwanakin farko na azumin Ramadan. An yi ta sheƙa ruwa na sa'o'i har madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, rafi ya bar hanyarsa ya shiga gidaje mutane suna barci. Kafin gari ya waye an rasa rayuka sama da 30, da yawansu ƙananan yara, wasu kuma aka yi ta nemansu ba a gan su ba, gidaje wajen 200 suka rushe ko suka nutse. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri. A shekarar ce kuma ambaliya ta game ƙasar nan, inda alƙaluman hukuma suka nuna mutum 363 sun rasu, fiye da miliyan 2 sun rasa matsuguni, har gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 17.6 domin tallafi.

Ba za mu yi butulci ba. An kawo shinkafa da tabarmi da barguna da magani, an tsugunar da mu a azuzuwan makarantu, ma'aikatan agaji sun kwana tare da mu, kuma maƙwabta da 'yan uwa na nesa sun raba abin buɗe bakinsu da mu. Muna godiya har gobe. Sai dai agajin makon farko yana kashe yunwa ne kawai, abin da ruwa ya ɗauke kuwa ya fi abinci. Ya ɗauke keken ɗinkin tela, da injin markaɗen matar da take ciyar da marayu da shi, da jarin mai kayan miya, da takardun gida da na makaranta waɗanda sake samunsu kan ci watanni ana zirga-zirga. Manoman rani da suke noma latas da kabeji da karas a gaɓar rafin Dilimi sun tarar da yashi da tsakuwa sun binne ƙasar da suka shekara suna gyarawa da taki. Wanda ya rasa irin wannan da bashi yake sake farawa, kuma akwai magidantan da shekaru suka shuɗe suna biyan kuɗin kwano da bulo kafin su iya mayar da yaro makaranta.

Akwai tambayar da ake yawan yi mana, kuma ina so in amsa ta a gabanka ba tare da ɓoye-ɓoye ba: me ya sa mutane suka koma suka sake gini a bakin rafin da ya cinye 'ya'yansu? Ranka ya daɗe, babu wanda ya koma don taurin kai. Tun daga rikicin watan Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, garin nan ya rabu, kowa ya tattara ya koma unguwar da yake jin zai iya kwana da idonsa biyu a rufe. Unguwanninmu suka cika maƙil, haya ta yi tsada, fili ya gagari talaka, sai wanda ba shi da hali ya gangara inda ya rage, wato bakin ruwa. Saboda haka idan aka zo aka shafa jan fenti a bango aka ce a tashi, ba tare da an nuna wa mutum inda zai je ya zauna cikin aminci ba, zai tashi da rana ya dawo da dare. Mu ma muna da namu laifin, kuma mun yarda da shi: mun zuba shara a magudanai, mun matse hanyar ruwa da gine-gine, wasunmu sun sayar da filin da ba na gini ba ne.

Abin da muke roƙo da farko shi ne fili mai takarda, a wurin da iyali za su yarda su zauna, kusa da kasuwa da makaranta, a kuma fara da waɗanda ɗakunansu suke kan gaɓa. Bayan haka a yashe rafin, a gina masa katangar da za ta riƙe gaɓarsa a wuraren da zaizaya take ci duk damina, a faɗaɗa ƙananan gadoji da kwalbatoci waɗanda shara kan toshe su ruwa ya juya cikin gidaje. Muna kuma roƙon a samar da hanyar sanar da mu idan madatsa ta kusa cika, ko da ta wayar masu unguwanni ce da lasifikan masallatai da ƙararrawar coci, domin rabin sa'a ta isa uwa ta fitar da 'ya'yanta zuwa kan tudu. Ina tunatar da mai girma Minista cewa ruwan Dilimi ba ya tsayawa a nan, yana gangarawa Bauci ya shiga kogin Jama'are, don haka gyaran da aka yi a samansa zai amfani mutanen da ba su taɓa ganin Jos ba.

A namu ɓangaren, matasanmu sun ɗauki nauyin yasar magudanai kafin faɗuwar damina, masu unguwanni kuma sun yi alkawarin ba za su sa hannu a cinikin filin da yake kan hanyar ruwa ba.

Mun rubuta waɗannan buƙatu a takarda, dattijonmu zai miƙa maka ita yanzu. Bayan an sha ruwa, muna roƙon ka ba mu minti goma sha biyar ka taka tare da mu zuwa bakin rafi, inda har yanzu ake ganin tushen ɗakunan da ruwa ya tafi da su a wancan daren, kuma iyaye matan da suka rasa 'ya'yansu suna can suna jiran su gaishe ka. Allah ya saka da alheri, ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum.