NIT: Gasar Waɗanda Aka Rufe Wa Ƙofa

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Amurka za mu leƙa, zaurukan ƙwallon kwando na jami'o'i, a wata Lahadi ta tsakiyar watan Maris.

Ranar nan ce ake karanta sunayen jami'o'in da za su shiga babbar gasar ƙasa, wadda NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ke shiryawa, wadda kuma Amurkawa ke yi wa laƙabi da Haukan Maris. Jami'o'i sama da 350 ne ke buga wasa a mataki mafi girma, amma tun 2011 gurbin 68 aka ware. Jami'o'in a rarrabe suke rukuni-rukuni, kuma kusan rabin guraben na waɗanda suka ci kofin rukuninsu ne, su babu mai yi musu gardama. Sauran kuwa wani kwamiti ne ke shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya zaɓa. Sai ka ga 'yan wasa sun taru gaban talabijin, kyamara na kansu, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wasu su yi tsalle suna rungumar juna. Wasu kuma a gama kira tsaf ba a ambace su ba, ɗaki ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Mu waɗannan na biyun muka biyo. Domin a daren nan dai, bayan 'yan sa'o'i, akwai wani jerin sunayen da ke fitowa, na ƙungiyoyi 32. Sunan gasar NIT, ma'anarsa gasar gayyata ta ƙasa.

Mai bin ƙwallon Turai zai ce ai wannan ita ce Europa ɗinsu. Ya yi kusa, sai dai da sauran magana. Wanda ya ɗauki kofin Europa yana samun tikitin Gasar Zakarun Turai ta baɗi. Wanda ya ɗauki NIT kuwa kofinsa kawai zai rungumo ya dawo gida, ya rataye tuta a rufin zaure. Shi ya sa 'yan tsokana ba sa raga musu. Suna juya haruffan ukun su ce ma'anarsu gasar waɗanda ba a gayyata ba. In ƙungiyarka ta ci, su taya ka murna da cewa kai ne na 69 a ƙasa.

Abin da yawancin masu wannan dariyar suka manta shi ne NIT ce babba, ta girmi gasar NCAA. A 1938 marubuta labarin ƙwallon kwando na birnin New York suka kafa ta, ƙungiyoyi shida kacal, a zauren Madison Square Garden. Jami'ar Temple ta fara ɗauka bayan ta doke Colorado. Sai shekara guda bayan nan, 1939, gasar NCAA ta zo duniya, da ƙungiyoyi takwas. A wancan zamanin New York ce ke da jaridu, ita ce ke da 'yan kallo, ita ce ke da kuɗin ƙofa. Koci da ke so a san yaransa, can yake kai su.

Ga misali guda da zai nuna muku yadda abin yake. A 1944 jami'ar Utah ta zaɓi NIT, aka cire ta a wasan farko. Ana cikin haka sai ƙungiyar Arkansas ta yi hatsarin mota ta janye daga gasar NCAA, aka kira Utah ta cike gurbi. Ta je ta ɗauke kofin. Wato wadda aka kora daga NIT ita ce ta zama zakarar NCAA a shekarar. A 1950 kuma City College ta New York ta haɗa kofunan biyu a kaka ɗaya, kuma duka biyun Bradley ta doke a wasan ƙarshe. Babu wanda ya sake yin haka, kuma da dokar yanzu babu mai iya sakewa.

Daga nan rana ta fara yi wa NIT yamma. A 1951 asiri ya tonu cewa 'yan caca suna biyan 'yan wasan jami'o'i su rage tazarar maki, kuma 'yan City College ɗin nan suna cikin waɗanda aka kama. Sunan ƙwallon kwandon New York ya ɓaci. Duk da haka gasar ta ci gaba da jan zarenta na wasu shekaru, saboda wani dalili mai sauƙi: a lokacin NCAA ƙungiya ɗaya tak take ɗauka daga kowane rukuni. In ka zo na biyu a rukuninka, ko da kai ne na uku a ƙasa baki ɗaya, babu kai. Manyan ƙungiyoyi da yawa sai su gangaro New York.

Har a 1970 an ga ragowar wannan martaba. Koci Al McGuire na jami'ar Marquette bai ji daɗin yankin da NCAA ta jefa ƙungiyarsa ba, sai ya ce su riƙe gayyatarsu. Ya kwashi yaransa ya tafi NIT, ya doke St. John's a wasan ƙarshe. NCAA ta ji zafin wannan marin, ta kafa doka cewa duk wanda ta gayyata ba shi da ikon tafiya wata gasar.

Abin da ya ƙarasa karya ta shi ne faɗaɗawa. A 1974 Maryland, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar, ta sha kashi a hannun North Carolina State da maki 103 da 100 bayan ƙarin lokaci, a wasan ƙarshe na rukuninsu, ta zauna a gida. Kowa ya ga rashin kan gadon tsarin. Shekara mai zuwa, 1975, aka mayar da gasar NCAA ƙungiyoyi 32, aka kuma yarda rukuni ɗaya ya kawo fiye da wakili guda. A 1985 suka zama 64. Duk gurbin da aka ƙara can, daga kwanon NIT aka ɗebe shi. Daga baya jami'o'in New York biyar masu riƙe da gasar suka kai NCAA kotu kan danne kasuwa, shari'ar ta ƙare da sulhu a 2005: NCAA ta biya dala miliyan 56.5, gasar ta koma hannunta. Ƙanwa ta saye yayarta ke nan.

To yanzu mu dawo kan magoya baya. Ka kwana da takaici ranar Lahadi, ka wayi gari ranar Litinin ƙungiyarka tana NIT. Me kake dubawa?

Tambayar farko a bakin kowa ita ce, a gida za mu buga? Domin NIT ta bambanta da babbar gasar a nan. Sili ɗaya ƙwale ce ita ma, amma zagaye ukun farko a zaurukan jami'o'in ake yin su, kuma wadda ta fi matsayi ce ke karɓar baƙi. Ga ɗalibin da ke shekararsa ta ƙarshe, wanda ya riga ya yi ban kwana da 'yan kallo, wannan dama ce ta sake fitowa gabansu. Ga ƙaramin gari kuma, wata rana sai ka ga giwa ta shigo har tsakar gida. A 2013 Kentucky, wadda ita ce ke riƙe da kofin ƙasa na shekarar da ta gabata, ta faɗo NIT. Zaurenta na can an ba wa wasannin NCAA, dole ta tafi baƙunta wajen wata 'yar ƙaramar jami'a, Robert Morris, a jihar Pennsylvania. Aka doke ta 59 da 57, ɗalibai suka ɓarke cikin fili. Wani abin dariya, garin da abin ya faru, Moon Township, nan ne kocin Kentucky na lokacin, John Calipari, ya taso.

Bayan maganar gida sai ta 'yan wasa: su wa za su sa riga? Wannan ita ce ta fi ci wa gasar tuwo a ƙwarya a 'yan shekarun nan. Yanzu ɗan wasan jami'a yana iya sauya sheƙa ya fara buga wa sabuwar makaranta ba tare da zaman jiran shekara ba, ga kuma kuɗin talla da aka halatta musu tun 2021. A 2024, kashegarin Lahadin zaɓen aka buɗe ƙofar sauya sheƙa. Ka ga koci yana da zaɓi biyu: ya shirya wa wasan NIT na ranar Talata, ko ya zauna kan waya yana lallashin yaransa kada su tafi, yana kuma zawarcin na wasu. Da yawa wayar suka zaɓa. North Carolina, wadda aka sa ta ɗaya a ƙasa kafin a fara kakar 2022 zuwa 2023 amma ta kasa shiga babbar gasar, ta ce a kai kasuwa. A 2024 St. John's ma ta ƙi zuwa. Wannan kam ya yi ciwo, domin a tarihin NIT babu mai kofi kamar St. John's.

Ni dai a ganina, masu ƙin zuwa suna da hujjarsu, amma ba magoya baya suke tambaya ba. Kuma shekarar 2024 ɗin nan ita ce ta fi nuna abin da ake rasawa.

Kwamitin zaɓe yakan bayyana ƙungiyoyi huɗun da suka fi kusa da shiga amma ta leƙo ta koma. A shekarar su ne Oklahoma, Seton Hall, Indiana State da Pittsburgh. Oklahoma da Pittsburgh suka yi fushi suka rufe kaka. Seton Hall da Indiana State suka ce da babu gara ba daɗi.

Ku tsaya mu ɗan daɗe kan Indiana State. Jami'a ce a garin Terre Haute, makarantar shahararren ɗan wasan nan Larry Bird, wanda ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa a 1979 ya haɗu da Magic Johnson. Tun daga lokacin ba ta sake shiga jerin gwanayen ƙasa na mako mako ba sai a Fabrairun 2024. Shekara 45 ke nan. Kocinsu Josh Schertz ya haɗa ƙungiya mai saurin miƙa ƙwallo da jifa daga nesa, a tsakiyarta kuma akwai wani dogo mai tabarau, Robbie Avila, wanda in ka gan shi a hanya za ka ɗauka ɗakin karatu zai je. Suka ci wasa 28, suka zo na ɗaya a rukunin Missouri Valley, sai Drake ta doke su a wasan ƙarshe na kofin rukunin. Wannan wasa guda ya rufe musu ƙofa.

Mutanen Terre Haute ba su tsaya zaman makoki ba. Suka cika zaurensu a wasannin gida uku, ƙungiyar ta ci duka. Kuma sai aka yi dace, wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe a jiharsu za a yi. NIT ta bar Madison Square Garden bayan 2022, ta yi shekara guda a Las Vegas, sannan ta sauka a Hinkle Fieldhouse da ke Indianapolis, tsohon zaure da aka gina a 1928. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a mota daga Terre Haute. Ranar 4 ga Afrilu, a wasan ƙarshe tsakanin Indiana State da Seton Hall, zauren ya cika maƙil, mafi yawa da shuɗiyar riga. Saura kamar minti uku a tashi Indiana State tana gaba 77 da 70. Daga nan ba ta sake jefa ko ɗaya ba. Seton Hall ta ci maki tara a jere, wasa ya tashi 79 da 77, kuma wanda ya jefa ta ƙarshen, Dre Davis, ɗan Indianapolis ne. Ba a daɗe ba Schertz ya karɓi aiki a jami'ar Saint Louis, Avila ya bi shi. Da sun ƙi zuwa NIT, da wasan Drake ne na ƙarshe da mutanen garin za su ga wannan ƙungiyar tare.

Akwai kuma magoya bayan da baɗi suke hange. Suna da tarihin da suke kafa hujja da shi. Connecticut ta ɗauki NIT a 1988 ƙarƙashin koci Jim Calhoun, lokacin ba a san ta da komai ba, a 1999 ta zama zakarar ƙasa. Wichita State ta ɗauka a 2011, bayan shekara biyu ta kai huɗun ƙarshe na babbar gasar. Baylor ta ɗauka a 2013, ta ci kofin ƙasa a 2021, da koci ɗaya, Scott Drew. Sai dai a faɗi gaskiya, wannan lissafin ya fi aiki lokacin da yara ke zama shekara huɗu a makaranta ɗaya. Yau ƙungiyar da ka gani a Maris, zuwa Nuwamba rabin fuskokin sun canja.

Ko ba ka da ƙungiya a ciki, gasar tana da wani amfani: nan ake gwada sababbin dokoki. A 2015 aka gwada rage lokacin jefa ƙwallo daga daƙiƙa 35 zuwa 30, kakar da ta biyo baya ya zama doka ga kowa. A 2018 da 2019 aka matsar da layin maki uku baya zuwa mita 6.75, irin na wasannin ƙasa da ƙasa, shi ma aka ɗauke shi.

Yanzu kuma NIT ta yi kishiya. A 2025 tashar Fox ta ƙaddamar da tata gasar a Las Vegas, College Basketball Crown, ta janye ƙungiyoyi daga manyan rukunai, ta kuma sa ladan kuɗi ga 'yan wasa. Nebraska ce ta fara ɗauka. Manyan suna suka ragu a NIT, fili ya buɗe wa ƙanana. Wasan ƙarshe na NIT a shekarar, a Hinkle, tsakanin Chattanooga ne da UC Irvine, makarantun da ba kasafai ake ganin su a talabijin cikin watan Afrilu ba. Lokaci ya cika suna kunnen doki, aka shiga ƙari, Chattanooga ta ci 85 da 84. Shi ne kofin NIT na farko a tarihinta.